Kwaɗo, Mabuɗi da Hatimi: In Wasiƙar Imel Ta Ƙi Buɗuwa

Jawabin da aka gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 



Da farko ina neman afuwar malamanmu, domin yau ɗalibi ne a gaban allo, su kuma suna kan benci. Musamman malaminmu na lissafi, ga shi nan a sahun gaba, wanda ya san makin da na ci a aji uku. Malam, a rufa mini asiri har in sauka.

Mafi yawanku kun ji abin da ya faru bara, lokacin da muke tara gudummawar gyaran ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Wata wasiƙar imel ta isa ga 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje, ɗauke da sunan Ma'ajinmu, da irin gaisuwarsa, har da addu'ar da ya saba rufe wasiƙa da ita. Wasiƙar ta ce wai asusun ƙungiya ya sami 'yar matsala a banki, saboda haka a tura kuɗi ta wata sabuwar lamba. Allah ya taimake mu, ɗaya daga cikin 'yan ajinmu da ke aikin likita a Ingila, wanda tun muna ɗakin kwana ɗaya ba ya ba da aron ko cokali sai ya yi tambaya uku, ya ɗaga waya ya kira Ma'aji. Nan asiri ya tonu. Ma'aji bai rubuta komai ba, wani ne ya buɗe adireshi mai kama da nasa, harafi ɗaya tak ya bambanta su. Ko kwabo bai salwanta ba, amma gaban kowa ya faɗi. A zaman da ya biyo baya aka ɗora mini nauyin in shirya wa shugabanni hanyar sa hannu a wasiƙunsu, tun da yake aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa shi ne abincina. Na ce ai aikin yini ɗaya ne. Yau wata goma ke nan wayata ba ta huta ba, kuma abin da na tsinta daga waɗannan kiraye-kiraye shi na kawo muku.

Ɓoye magana ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun yi zaurance a ɗakin kwana don kada firifet ya gane, wasunmu kuma sun rubuta wasiƙu suna sa lamba a madadin harafi, wasiƙun da ba zan faɗi inda ake kai su ba tun da malamai na nan. Irin wannan dabara tun ƙarni na 9 masanin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya nuna yadda ake warware ta: ka ƙirga alamar da ta fi yawan fitowa, ka gwada ta da harafin da ya fi yawa a harshen. Amma babbar matsalar ba nan take ba. Ko dabararka ta fi ƙarfin Al-Kindi, ala tilas kai da abokinka ku fara haɗuwa ku shirya sirrin tsakaninku. To, in yana Ingila kai kana nan fa? Idan ka aika masa sirrin ta hanyar da tun farko ba ka amince da ita ba, ka yi aikin baban giwa.

A 1976 wasu masana biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka zo da shawarar a raba abin gida biyu, ɓangaren da ke kullewa daban, ɓangaren da ke buɗewa daban. A 1977 wasu uku a MIT, wato Rivest da Shamir da Adleman, suka samo lissafin da ya tabbatar da haka, aka raɗa masa suna RSA daga harufan farko na sunayensu. Sai a 1997 gwamnatin Birtaniya ta bayyana cewa wani ma'aikacin hukumar leƙen asirinta, Clifford Cocks, ya riga su gano wannan lissafi tun 1973, amma irin aikinsa ya hana shi faɗa.

Malam, ga inda darasinka ya shigo. Idan na ce a ninka 53 sau 61, ɗan aji ɗaya zai ba ni 3233 kafin in kurɓi ruwa. Amma in na ba shi 3233 na ce ya nemo mini lambobi biyu marasa rabuwa da suka haife ta, sai ya yi gumi. Lambar RSA da aka saba amfani da ita tana da alƙaluma 617. Wadda masana suka farke a 2020, bayan sun haɗa kwamfutoci masu ɗimbin yawa, alƙaluma 250 ne gare ta. Sabbin manhajoji suna da wani lissafin na daban, amma tsarin ɗaya ne. Na kawo wannan ne don ku riƙe abu guda: a duk kiran da aka yi mini cikin watannin nan, ko sau ɗaya ba lissafin ne ya gaza ba.

Wanda ya sauko da abin hannun talakawa shi ne wani Ba'amurke, Phil Zimmermann, da ya fitar da manhajar PGP kyauta a 1991. Gwamnatinsu ta yi shekara uku tana bincikensa, wai ya fitar da makami ƙasashen waje ba izini, domin a dokarsu ta wancan lokaci manhajar kulle saƙo mai ƙarfi makami ce. A 1996 aka rufe binciken ba tare da an kai shi kotu ba. A 1997 wani Bajamushe, Werner Koch, ya fara GnuPG, wadda ke yin aikin nan kyauta har yau, kuma tun 2020 manhajar imel ta Thunderbird take zuwa da tsarin a cikinta. Ita muka sa wa shugabanninmu.

Turawa suna kiran ɓangarorin nan biyu da sunan mabuɗi, ɗaya na kowa, ɗaya na sirri, kuma wannan suna ya rikita mutane da yawa. Ni zan kira na kowan kwaɗo, ba na fadama ba, irin wanda muke kulle akwatin ƙarfe da shi don kada a sace mana gari da ƙuli-ƙuli. Kwaɗonka kana raba shi a buɗe ga duk mai so. Wanda zai rubuto maka sirri sai ya sa wasiƙar a akwati ya datse da kwaɗonka, daga nan ko shi kansa ba zai iya buɗewa ba, sai kai mai mabuɗi. Mabuɗi kuwa ba ya barin hannunka. Haka nan a kan mabuɗin akwai hatimi, a jikin kwaɗon kuma akwai samfurin hatimin, kamar katin sa hannun da banki ke ajiyewa. In za ka sa hannu, manhaja takan ɗauki duk harufan wasiƙar ta yi musu awo, ta fitar da wata 'yar lamba, ta buga mata hatiminka. Mai karɓa ya sake yin awon, ya gwada hatimin da samfurin da ke jikin kwaɗonka. In ɗigo ɗaya ya canza a hanya, awon ba zai yi daidai ba. Wato ke nan, kullewa da kwaɗon wanda kake rubuta wa ake yi, sa hannu kuma da mabuɗinka. Rabin matsalolin da aka kawo mini daga mance wannan suka taso.

Wanda abin ya ba shi wuya kada ya ji kunya. A 1999 Alma Whitten da J. D. Tygar suka ba mutum 12 manhajar PGP da minti 90, mutanen da suka saba da imel, suka ce su kulle saƙo su sa hannu. Huɗu ne kaɗai suka yi daidai, uku kuwa suka aika da sirrin a buɗe. A Disamba 2012 Edward Snowden ya nemi ɗan jarida Glenn Greenwald ya sa PGP don ya ba shi labari, ɗan jaridar ya ga wahalar abin ya share, saura ƙiris labarin da ya girgiza duniya a 2013 ya wuce shi.

To, bari in zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma na nemi izinin mai shi kafin in faɗa. Wata uku da fara wannan tsari, Sakatarenmu ya aika da wasiƙa mai ɗauke da lambar asusun ɗan kwangilar da zai yi rufi. Da ta isa, sai kwamfutar mutum uku ta nuna jan gargaɗi cewa sa hannun ba shi da kyau. GnuPG takan rubuta "BAD signature", da manyan baƙaƙe kamar mai tsawa. Jama'a, wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan abin da ya faru bara, ga lambar asusu, ga jan gargaɗi, sai aka fara 'yan ƙananan maganganu. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa ƙungiyar nan hidima da man motarsa, ya kira ni da dare muryarsa na rawa, ya ce zai ajiye muƙamin.

Na roƙi ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi wasiƙar ya turo mini ita yadda ta iso masa, na ajiye ta gefe da gefe da wadda ke hannun Sakatare. Lambar asusu ɗaya ce, ba abin da ya taɓa ta. Amma duk inda ya rubuta "kuɗi" ko "ƙungiya" ko "ɓangare", alamar tambaya ce ta zauna a gurbin harafi mai lanƙwasa. Laifin, in laifi ne, na malaminmu na Hausa ne, wanda ya hore mu da bulala kada mu rubuta ƙasa kamar kasa. Sakatare ya riƙe wannan horo. Ya sa hannu a wata manhaja daban, ya kwafo rubutun ya liƙa a imel, ya aika daga adireshin wurin aikinsa. Wasiƙar imel kuwa takan yada zango a tashoshi kafin ta isa, kuma wata tasha a hanya ta juya rubutun zuwa wani tsohon tsarin harufa da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. A tsarin UTF-8, wanda ya san su, kowannensu gurbi biyu yake ci, alamar tambaya kuwa gurbi ɗaya. Awo ya tashi daga daidai, kwamfuta ta faɗi gaskiyarta: wannan ba ita ce wasiƙar da aka sa wa hannu ba.

Don in tabbatar, na ce ya aiko mini da saƙo biyu ta wannan hanya, ɗaya "ina kwana" kawai, ɗaya "ina ƙoƙari". Na farko ya iso lafiya, na biyu ya iso da jan gargaɗi. Washegari na nuna wa majalisa, waɗanda suka yi magana suka je har gida suka ba shi haƙuri. Maganin bai da wuya. Ya koma aikawa daga cikin Thunderbird kai tsaye, wadda ke bin tsarin PGP/MIME na 2001, mai naɗe wasiƙar yadda tashoshi ba su cika taɓa cikinta ba. Ba harufanmu kaɗai ke jawo haka ba. Wata tashar takan karya dogon layi gida biyu, wata takan liƙa sanarwar kamfani a gindin kowace wasiƙa, sai ka ga an ce sa hannun ya lalace, ko kuma an ce wani ɓangare ne kawai aka sa wa hannu. Takarda mai muhimmanci, irin ta kwangila, gara a mai da ita fayil, a sa wa fayil ɗin hannu, a maƙala.

Saboda haka in kun ga jan gargaɗi, abin da yake nufi shi ne wasiƙa da hatimi ba su dace ba. Bai ce wane ɓarawo ne ba. Kada ku biya kuɗi a kan wannan wasiƙa, kada kuma ku zargi kowa. Ku kira mutumin ta lambar wayar da kuka sani tun da can, ba wadda ke cikin wasiƙar ba.

Akwai kuma wani saƙon da ake rikita shi da wancan, inda za a ce "No public key", ko a ce ba a iya tantance sa hannun ba. Wannan ba komai ba ne illa ba ka da kwaɗon mutumin, don haka ba samfurin da za a gwada. Ka nemo kwaɗon, shi ke nan.

Sai dai wurin nemo kwaɗon nan ne haɗarin gaske yake, kuma shi ya fi ba ni tsoro fiye da jan gargaɗi. Ranka ya daɗe Shugaba, ka yarda in faɗa, to zan faɗa. Wata rana na ƙera kwaɗo da mabuɗi da sunan Ma'aji, aikin da bai ɗauke ni minti biyu ba, domin manhaja ba ta tambayar katin shaida, duk sunan da ka ba ta shi za ta rubuta. Na aika wa Shugaba wasiƙa daga wani adireshi mai kama da na Ma'aji, na sa hannu, na maƙala kwaɗon. Thunderbird ta tambaye shi ko ya amince da wannan kwaɗo, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, kamar yadda dukkanmu muke yi. Nan take ta nuna masa sa hannu mai kyau. Kuma gaskiya ta faɗa: hatimin ya dace da kwaɗon. Abin da ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa iya sani ba, shi ne kwaɗon na wane ne. GnuPG ma takan ce sa hannu ya yi kyau, sannan ta bi da gargaɗin cewa ba wata shaida da ke nuna mabuɗin na mai sunan ne. Mutane kan karanta layin farko su tsallake na biyu.

Abin da ke raba gardama shi ne zanen yatsan kwaɗo. Kowane kwaɗo yana da wata lamba tasa shi kaɗai, alƙaluma da harufa 40 a irin wanda muke amfani da shi, ana rubuta su huɗu-huɗu gida goma. Sabon tsarin da aka fitar a 2024 ya kai su 64. Wannan lamba ba sirri ba ce, kana iya buga ta a katinka. Amma dole ka ji ta daga bakin mai ita, ido da ido, ko a waya in ka san muryarsa sarai, ka gwada da wadda kwamfutarka ta nuna. Kuma a karanta ta duka. A da akan wadatu da takwas na ƙarshe, har sai da wasu masu bincike suka nuna a 2014 cewa cikin daƙiƙa huɗu ana iya ƙera kwaɗon bogi mai irin waɗannan takwas ɗin. Masu WhatsApp, ku ma kuna da irin wannan a aljihunku tun 2016: a shafin kowane aboki akwai lambar tsaro mai alƙaluma 60, wadda na tabbata ba mutum biyar a zauren nan da suka taɓa dubawa.

Rumbunan ajiyar kwaɗo da ke intanet ba sa ɗauke muku wannan nauyi. Tsofaffin rumbunan kowa na iya zuba abin da ya ga dama kuma ba a gogewa, har a 2019 wasu suka lafta wa kwaɗon masana biyu, Robert Hansen da Daniel Kahn Gillmor, sa hannun banza dubu-dubai, duk wanda ya sauko da kwaɗon sai manhajarsa ta sandare. Rumbun keys.openpgp.org da aka buɗe a wannan shekarar yakan aika saƙo ga adireshin ya tabbatar kafin ya nuna shi, wanda ya fi dama, amma iyakar abin da ya shaida shi ne mai kwaɗon yana iya buɗe wannan adireshi. Ɓarawonmu na bara ai yana iya buɗe nasa.

Yanzu sai wasiƙar da aka kulle ta ƙi buɗuwa. Saƙon da aka fi gani shi ne "No secret key", wato an datse akwatin da kwaɗon da ba ka da mabuɗinsa a wannan na'ura. Tambayar farko ita ce, da wane kwaɗo aka kulle? Manhaja takan nuna lambarsa. Sau da yawa za ka tarar mutum ya ƙera mabuɗi a kwamfutar ofis, ya je gida ya sake ƙera wani da suna ɗaya, yanzu yana da kwaɗo biyu suna yawo a hannun jama'a. Wani kuma ya sayi sabuwar kwamfuta ya ɗauka mabuɗin zai biyo shi kamar yadda wasiƙunsa suka biyo shi. Ba ya biyowa, sai ka kwashe shi da hannunka. Mataimakin Shugaba kuwa kukansa shi ne ya kasa karanta wasiƙar da shi da kansa ya aika. Ai ya datse ta da kwaɗon wani. Wasu manhajojin sukan ƙara naka kwaɗon da kansu, wasu kuma sai ka umurce su.

Nan zan tona wa kaina asiri, don kada a ce mai wa'azi ba shi da zunubi. Shekarun baya kwamfutata ta lalace na kai ta wurin mai gyara, ya share komai ya sake zuba mata manhaja, da yardata. Sai da na dawo gida na tuna mabuɗina na ciki, kuma ban ajiye kwafinsa ko'ina ba. Wasiƙun shekara huɗu, har da na wani abokin aiki da ya riga mu gidan gaskiya, suna nan a akwatina har gobe, ina ganinsu ba na iya karantawa. Ba kamfanin da zan kira, ba ofishin da zan kai ƙara, domin an gina abin ne musamman don kada kowa ya iya buɗewa in ba mai mabuɗi ba. Haka kalmar sirrin da ke tsare mabuɗin: imel in ka mance kalmarsa akan aiko maka da wata, wannan kuwa in ta tafi ta tafi. Ku kwafi mabuɗin a filas, ku rubuta kalmar a takarda, ku ajiye su wuri daban-daban, inda kuke ajiye takardar fili.

Sai maganar kwanan wata. Kwaɗo yakan zo da wa'adi, galibi shekara biyu ko uku, in ya cika manhajar abokinka za ta ƙi kulle wasiƙa da shi. Kada ka ƙera sabo. Mai mabuɗi yana iya ƙara wa'adin, lambar zanen yatsa ba za ta canza ba, tsofaffin wasiƙu ma suna buɗuwa. Abu biyu ake mancewa. Na ɗaya, kwaɗon yana da uwa da ɗa, uwar ke ɗauke da suna, ɗan ke kulle wasiƙa, kuma kowanne da nasa wa'adin, sai mutum ya sabunta uwa ya bar ɗa. Na biyu, sai ka sake raba sabuntaccen kwaɗon, in ba haka ba na hannun abokanka yana nan a mace. Agogon kwamfuta ma yakan yi ɓarna. Akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo a cikinta da ke riƙe lokaci, in ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Mai binciken kuɗinmu ya sha wannan: kwamfutarsa ta ƙi kwaɗon kowa, wai ba a ƙera su ba tukuna, nasa sa hannun kuma ya girmi mabuɗin da ya yi shi. Kafin ku kira ni, ku fara duba agogo.

Wasu 'yan abubuwa a gurguje. Akwai wani tsarin daban mai suna S/MIME, wanda Outlook da manhajar imel ta Apple suka sani, inda wata hukuma ke ba da takardar shaida a madadin a karanta zanen yatsa. Shi da PGP ba sa jin yaren juna. In kun ga ɗan fayil mai suna signature.asc ko smime.p7s maƙale da wasiƙa, ba cuta ba ce, hatimin ne, manhajarku ce ba ta iya karanta shi ba, kamar yadda Gmail na waya ba ya tantance na PGP. Kuma wajen raba kwaɗo a duba da kyau kada a haɗa da mabuɗi. A Satumba 2017 sashen tsaro na kamfanin Adobe da kansa ya buga duka biyun a shafinsa, sai da suka soke suka sake wani. In irin haka ta faru, ko aka sace kwamfuta, akwai takardar soke kwaɗo da ake rabawa don a daina amfani da shi. GnuPG takan ƙera ta tun ranar farko, a ajiye ta tare da filas ɗin nan.

Kullewa ba ta ɓoye komai da komai. Wanda ya aika, da wanda aka aika wa, da lokacin, duk a fili suke, a manhajoji da dama har da kan wasiƙar. A 2018 masu bincike a Jamus da Beljiyam suka nuna wata kafa da suka kira Efail, inda ake yaudarar manhajar imel ta buɗe wasiƙa ta kuma tura abin da ke ciki waje ta hanyar ɗauko hoto daga intanet. An toshe kafar, amma sai ga wanda ke sabunta manhajarsa. A nawa ra'ayi, ƙungiya irin tamu ba ta da sirrin da ya kai a riƙa kulle kowace wasiƙa, kuma ba zan ba malamanmu da suka yi ritaya shawarar su ɗora wa kansu wannan wahala ba. Abin da muke bukata shi ne sa hannu, a kan duk wasiƙar da ta ambaci kuɗi ko lambar asusu, daga mutum biyar ɗin da ke riƙe da amanarmu, da kuma aƙalla mutum ɗaya a kowane aji da ya iya tantancewa ya shaida wa sauran.

Shi ya sa muka shirya abin da za a yi yau. Bayan sallar la'asar, a ƙarƙashin bishiyar darbejiyar da ke gaban ofishin Shugaban makaranta, inda da yawanmu muka sha durƙuso, Shugaba da Mataimakinsa da Sakatare da Ma'aji da Mai binciken kuɗi kowannensu zai tashi ya karanta zanen yatsan kwaɗonsa da bakinsa, gida goma, a hankali. An buga lambobin a takarda, za a raba a bakin ƙofa, kowa ya bi da biro yana dubawa. Wakilan azuzuwa da suka zo da kwamfuta su same ni a ɗakin karatu bayan nan, a zo da caja domin soket biyu ne kawai ke aiki. 'Yan'uwanmu na ƙasashen waje kuma, likitanmu na Ingila ya ɗauki nauyin kiransu ɗaya bayan ɗaya.

Shugaban taro, na ga kana duba agogo.